Katirij, sirinji ko kwalba: wace tawada za ka zuba wa firintarka?

Duk wanda ya ajiye ƙaramar firinta mai tawada a gida ya san ranar da fitilarta ke fara ƙyaftawa, kwamfuta kuma ta rubuto cewa tawada ta kusa ƙarewa. A ranar ne mutum yake gane cewa abin da ya biya wajen sayen firintar kafin alƙalami ne kawai. Kamfanoni sun daɗe suna sakin ƙananan firintoci da sauƙi, su dawo su kwashi ribarsu a tawada. Hanyoyin da ke gabanka suna da dama: katirij (ɗan akwatin tawada da ake sakawa a firinta) na asali, katirij na wasu kamfanoni, ɗura tawada da sirinji, ko sauya sheƙa gaba ɗaya zuwa firinta mai tanki. Ni dai tun daga nan zan faɗa, mai tanki nake so, da sharaɗin a riƙa zuba mata kwalbar asali.

Kafin a yi maganar kuɗi, a fara sanin hed, wato wancan ɓangaren mai ɗaruruwan ƙananan huji da ke fesa tawada a kan takarda. Shi ne ran firintar. Na HP da Canon da zafi suke aiki: a bayan kowane huji akwai wani ɗan ƙarfe da ke ɗaukar zafi har kusan digiri 300 cikin ƙiftawar ido, tawadar ta yi kumfa, kumfar ta tunkuɗo ɗigo. Tawadar ce kuma ke sanyaya ƙarfen, saboda haka in aka ci gaba da bugu babu tawada, ƙonewa yake yi. Na Epson da Brother ba sa dafa tawada, wani ɗan lu'ulu'u ne ke lanƙwashewa in wuta ta shige shi, ya matso ɗigon. Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi muhimmanci: ina hed ɗin yake? A ƙananan firintocin HP da Canon masu katirij biyu, baƙi da mai launi, a jikin katirij ɗin yake, duk lokacin da ka sayi sabo ka sayi sabon hed. A Epson da Brother kuwa a cikin firintar yake zaune, in ya mutu, gyaransa sau da yawa ya kusa kuɗin wata sabuwa. Amsar wannan tambayar ce za ta gaya maka yawan kasadar da za ka iya yi da tawada.

Katirij na asali ba shi da laifi wajen aiki. Ka cire tsohon, ka ɓare 'yar ledar da ke rufe da bakin sabon ba tare da yatsanka ya taɓa jan ƙarfen da ke bayansa ba, ka tura har ya yi ƙas, shi ke nan. Laifinsa ƙanƙanta. Baƙin HP 305 na yau da kullum mililita 2 ne a ciki, kamfanin ya ce shafi kusan 120. Canon PG-445 mililita 8 ne, shafi kusan 180. Waɗannan alƙaluman ma a ƙarƙashin ma'aunin ISO/IEC 24711 ake fitar da su, inda ake buga shafukan gwaji a jere ba tsayawa. A gida ba haka ake yi ba. Yau shafi biyu, sai bayan kwanaki wani, kuma kowane tashi sai firintar ta zuƙi tawada ta wanke bakinta. Ga katirij mai launi uku a haɗe: rawaya ta ƙare, sauran biyun na nan, amma dole ka jefar da shi. In kana nan a kan katirij, sayi mai XL a ƙarshen lambarsa, ya fi yawan tawada, kuɗin kowane shafi ya fi sauƙi. Kuma ka duba lambar da kyau, domin an raba duniya yanki-yanki. Abin da Canon ke kira 445 a Gabas ta Tsakiya da Afirka shi ne 545 a Turai, 245 a Amurka, kuma firintar wani yanki kan ƙi karɓar na wani.

Katirij na wasu kamfanoni, waɗanda ke rubuta sunansu a fili su ce nasu ya dace da firinta kaza, ba jabu ba ne, sana'a ce halal. A 2017 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar Lexmark da Impression Products, ta yanke cewa da zarar kamfani ya sayar da katirij ba zai sake kafa hujja da haƙƙin ƙirƙira ya hana a cika shi a sayar ba. Matsalar tana ga ɗan cip ɗin da ke jikinsa, wato ɗan guntun na'urar da firinta ke gane katirij da shi. A watan Satumba na 2016 wasu firintocin HP suka wayi gari suna ƙin katirij ɗin da ba cip ɗin kamfanin a jiki, saboda wani tsari da aka sa a manhajarsu, kuma a 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 10 a kan rashin bayyana wa masu saye wannan yadda ya kamata. Wanda zai bi wannan hanya sai ya kashe sabunta manhajar firintar ta intanet, in samfurinsa ya ba da dama, ya kuma san ingancin kaya ya danganta da wanda ya yi su.

Ɗura da sirinji ita ce mafi arha, kuma a firintar da hed ɗinta ke jikin katirij ba na hana kowa, tunda mafi munin abin da zai faru shi ne ka sayi wani katirij. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa. Hujin yana ƙarƙashin takardar da aka manna a saman katirij, ciki kuma soso ne. Ana tura allura a hankali, a ɗura kaɗan-kaɗan, a tsaya tun kafin soson ya tumbatsa, a dangwala bakin a kan tishu mai ɗan laima har launin ya fito sarai. Kada a jira sai rubutu ya ɓace kafin a cika, domin a lokacin soson ya bushe, ƙarfen kuma ya fara ƙonewa. A mai launi uku, kuskuren huji ɗaya ya isa ya mai da rawaya kore har abada. Firintar za ta ci gaba da cewa babu tawada. A yawancin ƙananan Canon, in ka danne maɓallin tsayarwa na daƙiƙa 5 za ta daina ƙorafi ta ci gaba da bugu, sai dai daga nan kai ne mai gadin tawadarka. Ba a kuma ƙera waɗannan katirij don su daɗe ba, bayan 'yan cikawa za ka ga layi-layi.

Tankin nan da ake jinginawa a gefen firintar katirij da siraran tiyo yana shan iska yana ɗiga, ban ga abin so a ciki ba. Tsarin biyan kuɗi duk wata a aiko maka da katirij kuma ba a kowace ƙasa yake ba, kuma in ka daina biya katirij ɗin zai daina aiki.

To, mai tanki. Epson ce ta fara fitar da ita a Indonesiya a 2010, ta kai ta Amurka a 2015 da sunan EcoTank, daga baya Canon ta zo da jerin PIXMA G, HP da Smart Tank, Brother ma da nata. A nan an juya lissafin: ka biya da ɗan nauyi a farko, tawada kuma ta zo a kwalba. Kwalbar Epson 103 mililita 65 ce, ka tuna da mililita 2 na ɗazu. Kamfanin ya ce baƙar tana buga shafi 4,500, launukan uku a haɗe 7,500. Ko ka rage kaso mai tsoka saboda wanke-wanke, ba a haɗa su da katirij. Baƙar Canon GI-490 ma mililita 135 ce. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne da idonka kake ganin tawadar ta jikin tankin, ba wani cip ke gaya maka ba. A sababbin samfurori bakin kowace kwalba an yi shi da siffar da ba za ta shiga tankin wani launi ba. Ka kifa ta, ka ji tana ɓulɓul tana sauka, in tankin ya cika ta tsaya da kanta, hannunka ko ɗigo babu. Kada ka tsorata in a cikawar farko ka ga tawada ta yi ƙasa tun ba ka buga komai ba, tiyo da hed ne suka sha rabonsu, sau ɗaya ne.

Tsakaninsu akwai bambancin da ya cancanci a tsaya a kai. Tawada iri biyu ce: mai rini da ke narkewa a ruwa, launinta na haske amma ruwa na wanke ta, rana na koɗar da ita, da mai ƙananan ƙwayoyi da ke zama a fuskar takarda, ta fi jure ruwa, rubutu ya fi fita baƙi wuluk. Epson 103 duka huɗun masu rini ne. Baƙar Canon GI-490 da ta HP GT53 masu ƙwayoyi ne, don haka mai yawan buga takardun da za a adana ya lura da wannan. A wasu samfurorin Canon da HP kana iya cire hed ka sa sabo da hannunka. Akwai kuma soson da ke shanye tawadar da ake zubarwa wajen wanki. In ya cika, firintar tsayawa take cak. Nemi samfurin da akwatin soson ke cirewa, kamar MC-G02 na wasu Canon, ya fi wanda sai an kai wa mai gyara. Abin da mai tanki ke buƙata a wajenka kaɗan ne: kada tawada ta sauka ƙasa da layin ƙarshe iska ta shiga tiyo, ka buga ko shafi ɗaya mai launi duk mako, ka kashe ta da maɓallinta don hed ya koma ma'ajinsa a rufe bakinsa, ba ka fizge waya daga bango ba. Wanda kuwa sai ya yi watanni bai buga komai ba, ya bar tawada gaba ɗaya ya nemi firinta mai hoda, wato laser, ita ba ta bushewa.

Amma duk wannan daɗin yana rushewa da kwalbar jabu guda ɗaya, kuma a nan ne aka taɓa ƙona ni. Kwalba da tambari daidai, kwali daidai. Na zuba, kwanakin farko lafiya lau. Sai baƙin ya fara komawa toka-toka, sai fararen layuka a tsakiyar rubutu. Na wanke hed, na sake wankewa, shafin gwaji na fitowa da giɓi kamar an ciccije shi, kowane wanki kuma yana ƙara cika soson. Ƙarshe mai gyara ya ɗaga hed ɗin ya nuna mini bakinsa ya daskare da wani abu mai danƙo. Tun daga nan ba na fara tambayar shafi nawa kwalba ke bugawa, sai na tambayi daga ina ta fito.

Sau da yawa masu jabu ba sa ƙera komai. Tsofaffin kwalabe da katirij da kwalaye suke tarawa, su cika da tawada mai arha, wani lokaci a sirka ta da ruwa, su sake liƙewa. Don haka duba inda hannu ya taɓa. Kwalin da aka buɗe aka mayar yana nuna gam a bakinsa, ko rubutunsa ya yi dishi-dishi, ko ka tsinci kuskuren harafi. Ledar ciki ta zama a rufe ruf ba a sake ɗaure ta ba. Murfin kwalba kada a ga busasshiyar tawada a zarensa. A katirij, juya bayansa ka kalli jan ƙarfen: sabo sumul yake, wanda ya taɓa shiga firinta yana da 'yan tabon inda fil ya danne shi. Takardar samansa in ta ɗan ɗago a gefe, an bi ta nan da allura. HP na manna wa kwalayenta wata takarda mai walƙiya da ke motsi in ka karkata ta, da lambar da ake ɗauka da kyamarar waya a tantance, kada ka ji nauyin yin haka a gaban mai sayarwa. Duba ranar da aka buga a jiki, tsohuwar tawada ko ta asali ce tana yin kauri.

Ka yi hattara da mai cewa bari ya buɗe maka ya zuba da kansa a bayan kanta, da mai gyaran da ke roƙon ka bar masa kwalaben da suka ƙare, da tallan intanet da ya sa hoton kwali kawai babu sunan mai sayarwa. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas da na sauran masu sayarwa shi kansa shaida ne. Kwalbar da aka rubuta wa cewa ta dace da kowace firinta ƙarya take yi, domin tawadar da aka haɗa don hed mai zafi daban take da ta hed mai lu'ulu'u, kuma mai rini da mai ƙwayoyi in suka gauraya a tanki ɗaya suna iya dunƙulewa su toshe huji. Haka tawadar buga zane a riga da kofi, kwalbarta na kama da ta takarda, kada a yarda a haɗa ka da ita. Naka kwalaben da suka ƙare, huda su ko ka mayar ga shirin sake sarrafawa na kamfanin, ka yaga kwalin, don kada gobe su koma hannun wani a matsayin sababbi.

Karɓi rasiɗi mai ɗauke da lambar tawadar, domin in hed ya lalace ta dalilin tawadar da ba ta kamfani ba, garanti ba ya ɗaukar gyaran. Kafin ka kifa sabuwar kwalba, ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda kusa da ɗigon ragowar tsohuwar da ka tabbatar da ita, ka bar su su bushe. In ɗaya ya fi dishi-dishi, ko ya bazu da da'irar ruwa a gefensa, ko warinsa ya bambanta, mayar da murfin ka koma da ita. Katirij marar kyau ana zare shi a daƙiƙa ɗaya, amma tawadar da ta riga ta shiga tanki sai an zuƙe ta da sirinji an wanke tiyo har zuwa hed kafin a rabu da ita.