Kafin ka sayi kayan koyar da nazarin alƙaluman kimiyya

Malamin da ke son ɗalibansa su iya nazarin alƙaluman kimiyya na gaskiya, waɗanda aka auno a fili, yakan fara tunanin sayen na'ura, domin ita ce ake gani a kan tebur. Ni kuwa a ganina nan ne kuɗi ya fi zurarewa.

Na'urorin awo na kamfanonin Vernier da PASCO ba su da abin kushewa wajen inganci. Suna auna zafi da haske da tsamin ruwa, su zana maka sakamako nan take. Sai dai idan ajin ya cika kuma na'urar biyu ce tak, yara kaɗan ne za su taɓa, sauran su zama 'yan kallo. Ga kuma ɗawainiya: ma'aunin tsamin ruwa sai an riƙa daidaita shi, a ajiye bakinsa cikin ruwan magani, in ya bushe ya fara ba da lambobin ƙarya. Mai sauƙin kuɗi shi ne micro:bit, wani ɗan ƙaramin allon kwamfuta na koyar da yara, wanda BBC ta fitar a 2016. Amma ka sani ma'aunin zafinsa a cikin ƙwaƙwalwar na'urar yake, don haka ɗuminta yakan shiga cikin awon. Wannan ma darasi ne, in ka sa yara su gwada shi da ma'aunin zafi na gilashi su nemo dalilin bambancin.

Alƙaluman da masana suka riga suka tara kuwa kyauta ne, kuma su na fi ba wa ƙarfi. Ɗauki awon iskar kabon da Charles David Keeling ya fara a dutsen Mauna Loa na Hawaii a 1958. A lokacin kusan kashi 315 ne cikin miliyan na iskar da ke sararin sama, yanzu ya haura 420. Ka bar ɗalibi ya zana shi da hannunsa. Zai ga layin yana hawa, amma da ƙananan haƙora kamar zarto: sama a watan Mayu, ƙasa wajen Satumba ko Oktoba. Kada ka yi saurin gaya masa cewa tsirran arewacin duniya ne ke zuƙe iskar idan sun yi ganye. Bari ya ɗan sha wahala tukuna.

Ga masu farawa, akwai awon tsuntsayen fengwin 344 na tashar bincike ta Palmer a Antatika, daga 2007 zuwa 2009: jinsi uku, tsawon baki, tsawon fiffike, nauyi. Abin da ya sa nake son sa shi ne akwai layukan da aka bari babu komai. Yaro zai tsaya ya tambaya, a share ne ko a bari? Tambayar nan ita ce aikin masanin kimiyya, kuma littafin aji mai tsaftatattun lambobi ba ya haifar da ita. Shirin GLOBE na awon muhalli a makarantu, da ya fara a 1995, da eBird, rumbun bayanan tsuntsaye na Jami'ar Cornell, suna ba ɗalibai damar saka nasu awon su kwatanta da na wasu ƙasashe.

Batun manhaja ba ya buƙatar dogon zance. CODAP kyauta ce, ana jan alƙaluma a sauke a ga zane, amma tana son intanet. LibreOffice Calc tana aiki ba intanet. R, wadda sai an rubuta mata umarni, sai manyan ɗalibai.

In har za ka sayi na'ura, tambaya ɗaya za ka yi wa mai sayarwa: tana fitar da ɗanyen awo a fayil ɗin CSV, wato jerin lambobi da manhajojin lissafi ke iya buɗewa? In ba ta yi, zane kawai za ta nuna wa yara, ba su da abin lissafawa. Da ni ne, ma'aunin ruwan sama da ma'aunin zafi da littafin rubutu zan fara saya, yara su yi wata guda suna awo kullum a lokaci ɗaya, sannan in buɗe musu na Mauna Loa.