Motar Da Za Ka Iya Ciyarwa: Shawara Ga Mai Neman Saye A Kebbi

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, cinikin mota ya sauya salo. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce dubu. A da fenti da kujeru mai saye yake fara dubawa. Yanzu abin da dillali ke fara ji shi ne, "Alhaji, yaya shan manta?" Shi kuwa amsarsa ba ta wuce "ai ba ta sha". Gara ka je da saninka.

Fara da girman inji. Corolla mai injin lita 1.8, fulogi huɗu, idan lafiyarta ƙalau takan ci wajen lita 7 a kilomita 100 kan babbar hanya, a cikin gari kuma wajen 9. Pontiac Vibe da Toyota Matrix irin injin nan ne a cikinsu, sai dai sun fi ta wurin zuba kaya. Camry da Honda Accord masu 2.4 sun fi faɗi da daɗin doguwar tafiya, suna kuma ɗan ɗara ta a sha. Da ka shiga fulogi shida, irin Sienna ko Camry V6, to ka shirya wa lita 12 ko fiye a cikin gari. Ma'aikacin da zirga-zirgarsa ba ta wuce gida, sakatariya da makarantar yara a Birnin Kebbi ba, ban ga abin da zai kai shi ga fulogi shida ba. Amma mai iyali da yawa da ke yawan bin hanyar Jega zuwa Yauri, Sienna ɗaya ta fi masa sauƙi a kan ya tayar da motoci biyu. Wanda kuma ke shiga fadamun shinkafa na Argungu ko Suru da damina yana buƙatar mota mai tsayi, kuma tsayi da nauyi da fetur ake biyan su. RAV4 mai fulogi huɗu ta isa mutane da yawa.

Giyar hannu ta ɗan fi tsohuwar otomatik tattali, amma ratar ba ta kai a fasa ciniki mai kyau saboda ita ba.

Inda na fi so mai saye ya buɗe ido shi ne zaɓi tsakanin 'yar Kwatano, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje aka shigo da ita, da 'yar gida, wadda aka riga aka hau a nan. 'Yar gida ta fi araha, gaskiya ne, sai dai ta bi ta hannun makanikai, kuma akwai aikin da ake yi wa motoci a nan da ke mayar da mai fulogi huɗu ta riƙa zuƙa kamar mai shida. Saboda tsoron zafi, sai a cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka dairek, ta riƙa juyawa ba tsayawa. Injin ba zai kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba, kwamfutar motar za ta ɗauka har yanzu da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara masa mai. Ka murɗa makulli da safe, inji na sanyi: idan fanka ta tashi nan take tun ba a kunna esi ba, an taɓa ta. Ka sa a leƙa ƙarƙashi a duba salansa. Tukunyar nan mai tace hayaƙi da makanikai ke kira "indomi", idan ka ga sabuwar walda a jikinta, da alama an kwashe cikinta an sayar, kuma sau da yawa sansar da ke auna hayaƙi ta tafi tare da ita ko ta mutu. Sannan fitilar cek, wadda ke nuna matsalar inji a gaban direba, dole ta kama idan an murɗa makulli, ta mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ko kaɗan ba, mai yiwuwa wani ya kashe ta ne don ya ɓoye maka wani abu. Kuɗin sa kwamfuta a duba mota ba komai ba ne kusa da abin da za ka riƙa zubarwa a gidan mai duk mako.

Yanayinmu ma yana da nasa kason. Ƙurar hunturu na toshe filtar iska da wuri, ka ciro ta ka ɗaga ta ga rana, in haske bai ratsa ba, a canza. A zafin Maris da Afrilu ba wanda zai ce maka kada ka kunna esi, amma ka san ƙaramin inji ya fi jin nauyinsa. Taya maras iska na jan mai, kuma adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, ba a bakin mai faci ba. Gudu ma haka: wanda ke taka 140 a hanyar Sakkwato ya fi mai tafiya a 90 ko 100 ƙona mai nesa ba kusa ba, domin iskar da mota ke turewa ƙaruwa take sosai da gudu.

Idan mai motar ya yarda, ku gwada ta: a cika tanki har famfo ya katse da kansa, a mayar da mita sifili, a je Argungu a dawo, a sake cikawa a famfon da aka sha da farko. Litar da ta shiga karo na biyu ita ce abin da ta sha a kilomitocin da mita ta nuna. Wadda aka ce an mayar da ita mai gas ɗin CNG kuwa, ka fara tabbatar da inda za ka riƙa sha kusa da kai kafin ka ƙara ko kwabo a kan farashinta.