Put on ko fasten, wanne za ka ce wa bel da Turanci?

Yawancin mu da kalmar tie muke farawa saboda mun saba cewa ɗaura bel, amma gaskiya Bature ba ya cewa haka sai dai in bel ɗin ba shi da ƙarfe a kai, irin na 'yan karate da ake ƙullawa da hannu.

Put on shi ne na yau da gobe, ya haɗa duka aikin tun daga zura shi cikin ramukan wando ɗaya bayan ɗaya har ka gama, kamar dai yadda za ka ce put on your shoes. Fasten kuma ƙarshen aikin kawai yake nufi, lokacin da ka ja bel ɗin ka soka ɗan ƙarfen nan a huda ya kama, kuma ya fi kama da maganar hukuma, shi ya sa a jirgin sama za ka ga fitila ta kama an rubuta fasten seat belt.

Ni dai in na wando ne put on nake so, fasten ya yi nauyi a hira. A mota kuwa 'yan Amurka buckle up suke cewa, wato sa bel mu tafi.