Tarwaɗa, Ramboshi ko Karfasa: Wane Iri Mai Kiwon Kifi a Sakkwato Zai Saya?

Duk wanda zai zuba kuɗinsa a kiwon kifi ya kamata ya fara sanin dangin abin da zai saya, domin ƙananan kifaye suna kama da juna, kuma ta nan masu sayarwa suke cutar sababbin shiga. Masana sun sanya tarwaɗa, wadda suke kira Clarias gariepinus, da ramboshi, wato Heterobranchus, a dangi ɗaya mai suna Clariidae, kifaye marasa ɓawo masu gashin baki. Karfasa kuwa tana cikin dangin Cichlidae, ba ta haɗa komai da su ba sai zaman ruwa.

Ni dai tarwaɗa nake zaɓa. Tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska kai tsaye, saboda haka idan zafin watan Afrilu ya taso, ruwan tanki ya ɗumame har iskar cikinsa ta ragu, ita tana ɗagowa sama ta numfasa. Tana jure cunkoso, tana karɓar abincin buhu, kuma idan an ciyar da ita yadda ya dace takan kai kusan kilo 1 cikin wata 6. Ga masu banda da masu farfesu suna nemanta kullum.

Ramboshi ya fi ta girma, amma yana son dogon lokaci da aljihu mai nauyi. Karfasa kuwa haihuwa take yi ba ƙaƙƙautawa har ta cika tanki da 'ya'yan da ba sa girma, sai fa in an samu zallan maza.

Inda aka ƙone ni shi ne wajen saye. Wani mai sayarwa ya taɓa kawo mini 'ya'yan kifi ya rantse tagwaitaccen iri ne, wato wanda aka samu ta hanyar barbarar tarwaɗa da ramboshi, ya caje ni kuɗi mai yawa, ashe tsumburarru ne da suka rage bayan ya zaɓe masu kyau. Wata huɗu ina zuba abinci, kai yana girma, jiki ya ƙi. Tun daga nan nake ɗaukar kifi a hannu in duba bayansa: fiffiken tarwaɗa ɗaya ne dogo har kusa da wutsiya, ramboshi kuwa yana da na biyu mai tsoka a bayan na farko, tagwaitaccen kuma nasa na biyun gajere ne.

Kada ka karɓi iri mai girma daban-daban, domin manya za su cinye ƙanana kana barci. Ka guji wanda aka kamo daga kogin Rima ko dam ɗin Goronyo aka ce maka na ƙyanƙyasa ne, tunda ba a san shekarunsa ko cutar da yake ɗauke da ita ba. Ka je wurin ƙyanƙyasar da kanka, ka ga iyayen, a ƙirga a gabanka ba awo da kofi ba, sannan ka ɗauko su da asuba kafin rana ta ɗaga.