Bukkar haya ko tantin kanka? Amsa ga ɗan'uwanmu na Toronto

Ɗan'uwa, ka ce abokan aikinka sun gayyace ka kamun kifi a kan ƙanƙarar tafkin Simcoe da ke lardin Ontariyo na Kanada, kana tambaya ko ka kama bukkar haya ko ka sayi tanti ka kafa da kanka. Tunda wannan ne karonka na farko, ka kama haya.

Masu bayar da hayar bukka su ne ke auna kaurin ƙanƙara, su huda ramuka, su kai ka su dawo da kai. In kuwa da tantinka ka tafi, awon yana wuyanka. Ƙanƙara garau mai kamar gilashi sai ta kai santimita 10 kafin a taka ta da ƙafa. Farar ƙanƙara, wadda dusar ƙanƙara ta cakuɗu a cikinta, ƙarfinta kusan rabin na waccan ne, sai ka ninka kaurin da ake buƙata. Kaurin ma ba ɗaya ba ne a duk tafkin: bakin kogi, gindin gada da duk inda ruwa ke gudu ta ƙasa, nan ake rufzawa. Baƙo ba ya gane waɗannan wurare da ido.

Sai dai bukka ma ba ta rasa nata haɗarin. Hitar gas a rufaffen ɗaki tana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, sai dai ciwon kai da jiri da barci. Ko a bukka ko a tanti, ka bar kafar iska a buɗe, komai sanyi.

Ta kowace hanya ka bi, ka rataya ƙarafa biyu masu tsini a wuya, waɗanda ake cakawa a ƙanƙara a ja jiki a fito in an faɗa ruwa, ka sa rigar da ke hana nutsewa. In ƙanƙara ta fashe da kai, minti na farko na daidaita numfashi ne, sannan kana da kamar minti 10 kafin hannuwa su sandare. Ka juya ta inda ka fito, ka ja jiki ka hau, ka mirgina, kada ka miƙe tsaye.

Wajen tsafta, mai tanti ya fi ɗaukar nauyi, kuma nan abin ya fi damuna. Duk abin da aka bari a kan ƙanƙara, leda, kwalba, zaren fatsa, bahaya, cikin tafkin zai faɗa idan ta narke, alhali akwai garuruwan da daga Simcoe suke shan ruwa. A jihar Minesota ta Amurka abin ya kai an kafa doka a 2023 da ta hana ajiye shara da bahaya kai tsaye a kan ƙanƙara. Ka tambayi mai bukka ko yana da banɗaki. In tanti ne, ka tafi da bokiti mai murfi da leda. Ragowar ƙananan kifayen da ake sa wa a ƙugiya kuma kada ka juye su cikin ramin.

Ka yanki lasisin kamun kifi na Ontariyo kafin ranar tafiya.