Wata huɗu ina cinikin ridi da fitilar zobe da sandar waya

Ni dillalin ridi ne, a wani ƙauye tsakanin Gagarawa da Maigatari. A da, in mai saye na Legas yana son kaya, yaronsa yake turowa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko mu haɗu a kasuwar Dawanau ta Kano, ya cusa hannu cikin buhu ya ɗebo ya tauna. Tun shekarar korona, 2020, abin ya koma "Malam, kunna bidiyo mu gani." Ƙananan 'yan kasuwa ta WhatsApp suke kira. Masu fitar da kaya zuwa Japan da Turkiyya kuwa sai su turo maka hanyar shiga Zoom, manhajar taro ta bidiyo, ka tarar da su uku ko huɗu a ofis sun zuba maka ido.

Ɗan yayata ne ya fara fasa min ƙwai. Ya tsaya a bayana wata rana har na gama, ya ce, "Kawu, wallahi ba abin da suke gani sai ƙofar hancinka da rufin kwano." Gaskiyarsa. A cinya nake ɗora wayar, kuma baya nake ba ƙofa, hasken waje ya rinjayi kyamarar, fuskata ta zama baƙar inuwa mai magana. Shi ya matsa min, da na shiga Kano na biya ta kasuwar waya ta Farm Centre na sayi fitilar nan mai zagaye kamar zobe, mai inci 10, haɗe da sanda mai ƙafa uku da mamaƙalar waya a tsakiya.

Sandar ita ce ta biya kuɗinta tun makon farko. Da na ɗaga wayar daidai tsayin idona, na ja baya kamar taku biyu, sai ga mutum zaune da hularsa da kafaɗunsa, buhuna jere a bayansa. Hannayena biyu suka samu 'yanci: ina iya ɗebo ridi a faranti, in baza, in busa, in nuna ba ƙasa ba tsakuwa. Yaron ya kuma koya min kallon ɗan ɗigon kyamarar maimakon kallon fuskata a allon. Da wuya, don ido ya fi son ya duba ko hula ta karkace, amma a can wajensu sai su ga kamar cikin ido kake kallonsu. Har na taɓa tashi hankali ganin rubutun jikin buhu ya juye a allona. Ashe ni kaɗai nake ganinsa kamar a madubi, su daidai yake zuwa musu.

Fitilar ce muka yi 'yar tsama da ita. Launi uku take bayarwa: fari fat, ruwan ɗorawa, da na tsaka-tsaki. Ruwan ɗorawan ya fi yi wa fata kyau, shi na saba kunnawa. Ran nan na ɗebo farin ridi tas, sabon sussuka, na kawo gaban kyamara. Mai sayen ya yi shiru, sannan ya ce wannan ai ya yi ja, ko tsohon ajiya ne? Nan take ya nemi ragi. Na yi rantsuwa har na gaji. Sai da Allah ya ba ni dabara na ɗauki sandar gaba ɗaya na fita tsakar gida, na tsaya a inuwar darbejiya, na juya zuwa kyamarar baya, wadda ta fi ta gaba fitar da hoto. Ya ce, "To, yanzu na ga kaya." Ga mai sayar da abin da launinsa ke yanke farashi, ridi ne ko zoɓo ko atamfa, fitilar nan tana iya jawo maka asara ba ka sani ba. Farin launin ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma bai kamo hasken hantsi ba.

Da daddare kuwa, a ƙarshen damina, kunna ta gayyatar ƙwari ce. Ana tsaka da maganar tan nawa zan iya haɗawa, wata cinnaka mai fiffike ta faɗa min cikin wuyan riga. Mai tabarau kuma ya sani zoben zai fito masa ƙuru-ƙuru a gilashi sai in ya ɗan kauda fitilar gefe ya ɗaga ta sama. Da fawa banki nake kunna ta, tunda mu nan sai sola, kuma tana shan caji ba kaɗan ba in aka ƙure haskenta.

Abin da mai shagon bai ce min in saya ba, kuma ya fi fitilar amfani, shi ne abin sa wa a kunne mai waya da makirfo. Kafin shi, zakara da injin niƙan maƙwabta duk suna cikin taronmu. Yanzu in ba ni ke magana ba, ina kashe makirfon. Na kuma daina yarda a sa min taro dab da azahar ko la'asar, don lasifikar masallacinmu a bayan katangata take. Ƙarfe goma na safe nake zaɓa, sabis ma ya fi tsayawa a lokacin. Wani daga cikin masu sayen Zoom na kyauta yake amfani da shi, mai yankewa a minti 40, don haka tun kafin a fara nake jera faranti uku na samfur da littafin awo a gefena.

Ƙarfen sandar bai da kauri, kuma kusar da ke riƙe wuyanta ta sake tun wata na biyu. Wayar sai ta riƙa sunkuyawa a hankali kamar mai gyangyaɗi. Da robar tayar keke na ɗaure ta, har yau tana nan. Fitilar kuwa uwargida ta karɓe, da ita take duba yara in sun yi kuka cikin dare.