Na ci abinci a falon wata baiwar Allah a Havana

Wallahi abincin da yafi min daɗi a Kuba ba a otal na ci shi ba, a gidan wata dattijuwa ne, irin wanda suke kira paladar, wato mutum ya maida falonsa wajen cin abinci. Tebur huɗu ne kacal, hotunan jikokinta a bango, ta kawo min shinkafa da baƙin wake da kifi da soyayyen agade, waken nan ya nuna lugub tafarnuwa ta ratsa shi sosai.

Tun da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991 rayuwa ta yi tsanani a Kuba, mutane suka fara saida abinci a ɓoye, daga baya gwamnati ta yarda amma da farko tace kujeru kar su wuce 12. Ita dattijuwar a da malamar makaranta ce, tace albashi da ɗan abinda ake basu da katin rabo, libreta, basa kai su ƙarshen wata, shine ta kama girki kuma dashi take riƙe gidan gaba ɗaya, abin ya taɓa min zuciya gaskiya.

Na jira kusan awa ɗaya saboda an ɗauke wuta, ban ga laifinta ba ko kaɗan. In zaku je ku riƙe peso, kuɗin ƙasar, a hannu, bata karɓar kati.